Cikar Gulbi da Ambaliya a Yammacin Zamfara: Tarihin Zaman Mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi da Ruwa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba tarihin zaman da ke tsakanin Gulbin Zamfara da mutanen da ke bakinsa, musamman a ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi. Dalilin ɗauko wannan batu ba ɓoyayye ba ne. A watan Agusta na 2024 ruwa ya ci garin Gummi, har ƙidayar da aka gabatar wa Gwamna Dauda Lawal sa'ad da ya je jaje ta nuna magidanta fiye da 10,000 abin ya shafa. Ba a gama kwashe laka daga ɗakuna ba, sai ran 14 ga Satumba wani jirgin fito da ya ɗebo manoma zuwa gonakinsu na hayin gulbi ya kife kusa da garin. Rahotanni sun saɓa wa juna game da yawan waɗanda ruwan ya tafi da su, daga mutum 40 zuwa fiye da 60.

Bahaushe yana da kalmomi biyu da ya kamata mu rarrabe tun daga nan. Akwai cikar gulbi, akwai kuma ambaliya. Cika abin fata ce, manomin fadama yana jiranta kowace damina kamar yadda ake jiran baƙon da aka san ranar zuwansa, in ba ta zo ba ya san shekarar ta yunwa ce. Ambaliya kuwa ita ce cikar da ta tarar da ɗan Adam a inda bai kamata ta same shi ba, ko ta same shi bai shirya ba. Abin da nake so in nuna shi ne, tarihin ruwa a wannan yanki tarihi ne na yadda cika ta rikiɗa ta zama ambaliya, kuma mafi yawan abubuwan da suka jawo haka a tudu suka faru, cikin gonaki da dazuzzuka da unguwanni da ofisoshin hukuma, tun kafin ruwan ya iso.

Gulbin da ƙasar da ya ratsa

Gulbin Zamfara ya taso ne daga tuddai masu duwatsu na tsakiyar ƙasar Zamfara, ya miƙe yamma ta ƙasar Anka da ta Bukkuyum, ya bi ta Gummi, ya shiga ƙasar Kebbe, sa'an nan ya gangara Jega inda ake kiransa Gulbin Gindi, har ya haɗu da Gulbin Sakkwato kudu da Birnin Kebbi, su tafi tare su zuba cikin Kwara. Daga kudu kuma Gulbin Ka yana biye da shi, su biyun kamar shanun huɗa. Ruwan saman da ke ciyar da su kusan dukkansa cikin wata huɗu ko biyar yake sauka, Agusta kuwa ita ce tsakiyar damina.

Akwai wani abu game da ƙasar da wanda bai lura da shi ba ba zai gane abin da ke samun Gummi ba. Can gabas, wajajen Anka, dutse ne ke ƙarƙashin ƙasa, kuma bai yi nisa ba. Irin wannan wuri ba ya shan ruwa sosai, saboda haka da an yi ruwa mai ƙarfi sai ƙoramu su cika nan da nan, su kwararo cikin gulbi lokaci guda. Amma daga wajajen Gummi zuwa yamma dutse ya nutse, yashi da laka suka hau kansa, kwarin gulbi ya buɗe, gudun ruwa ya ragu. Watau ruwan da ya taho a guje daga gabas, nan ne yake samun wurin miƙe ƙafa. Wannan shi ne asalin arzikin fadamar Gummi, shi ne kuma asalin haɗarinta. Har wa yau, in gulbi ya cika ya batse, ruwan saman da ya sauka cikin gari ba shi da inda zai zuba, domin mazubarsa ta riga ta cika. Sau da yawa gidajen da ke faɗuwa ba gulbi ne ya shigo musu ba, ruwan unguwa ne ya rasa mafita ya kwanta a gindin katanga.

Zaman da magabata suka yi da gulbi

Sanannen abu ne cewa sarautar Zamfara ba a Anka ta fara ba. Daga Dutsi aka koma Birnin Zamfara, wanda Sarkin Gobir Babari ya ci a farkon shekarun 1760, Gobirawa suka kafa Alƙalawa. Daga nan sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura, ta Kiyawa da Sabon Gari da waɗansu wurare, kafin su tabbata a Anka a ƙarni na 19. Abin lura a nan shi ne ƙaurar ta karkato da jama'a kudu da yamma, watau zuwa kwarin wannan gulbi, inda akwai ruwa da fadama da daji. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara a ƙarshen shekarun 1780, kuma a 1805, bayan wuyar da jama'arsa suka sha a yaƙin Tsuntsuwa da ƙarancin abinci, Sabon Gari ta Zamfara suka koma suka zauna. Runduna mai jin yunwa ba ta nufar ƙasar da ba hatsi.

To, yaya waɗannan mutane suka zauna da ruwan da ke cika kowace shekara? Tsarin da aka sani a dukan kwarin Sakkwato da Rima da Zamfara shi ne, gari a tudu, gona a fadama. Magidanci yana da gonar jigawa inda yake shuka gero da dawa da wake, yana kuma da wani yanki a fadama inda yake shuka shinkafa. In damina ta yi ƙarancin ruwa fadama ta rufa masa asiri, in ta yi yawa har shinkafa ta nutse, jigawa ta fisshe shi. Ita kanta jar shinkafar gargajiya ta wannan yanki na Afirka akwai irin da ke tsawo yana bin ruwa, ruwa na hawa tana hawa. In ruwa ya janye ya bar sabuwar laka, sai a bi danshi da rogo da dankali da rake, a kafa jigo a yi lambun albasa da taba. Tafkunan da cika ta bari a baya kuwa su ne rumbun kifi, ba a faɗa musu sai sarkin ruwa ya ba da izinin su.

Sarautar ruwa ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin mu 'yan boko mun saba ɗaukarta a kan abin biki da tsafi kawai. Sarkin ruwa da masunta da masu fito su ne ma'aikatar ruwa ta wancan zamani. Su ne suka san mashigin da ke da zurfi da wanda ke da yashi mai cin ƙafa, su ke duban launin ruwa da irin itace da kumfar da ya ɗauko su gane an yi ruwa a gabas, su ke hana fito in gulbi ya yi fushi, su ke nemo wanda ya nutse. Aikin gado ne, kuma akwai wanda za a tuhuma in an yi sakaci.

Cikin gari ma akwai tsari, ko da yake ba wanda ya zana shi a takarda. Garin Hausa da ƙasa ake gina shi, ramin da aka haƙi ƙasar ginin kuwa shi ke zama kududdufi. Kowace unguwa da nata, kuma can ruwan indararo da na lungu ke taruwa. Ganuwa da gwalalonta, ban da tsare mahara, suna karkatar da ruwan da ya gangaro daga waje. Kafin damina kowane mai gida yana yaɓe, ya gyara indararo, ya ɗaga gindin rumbu bisa duwatsu, a yi gayya a buɗe hanyar ruwa. Ba ina cewa zamanin ba ya da asara ba ne. Ruwa ya ci mutane da dabbobi a kowane zamani, kuma yunwa da yaƙi sun fi na yanzu tsanani a wasu shekarun. Abin da nake cewa shi ne an san ruwan zai zo, an kuma bar masa wurinsa.

Yadda aka shiga wurin ruwa

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Anka da Bukkuyum da Gummi suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Da yaƙi ya ƙare buƙatar zama cikin ganuwa ta ragu, mutane suka bazu, tungaye suka yawaita kusa da gonaki, har da bakin fadama. Haraji na kuɗi ya tura manomi ga auduga da gyaɗa, musamman bayan dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, aka shiga sare daji ana faɗaɗa gonar tudu. A shekarun 1930 kuma aka yi rububin haƙar zinariya a ƙasar Zamfara, abin da za mu sake komowa kansa. Kowace bishiya da ta faɗi a kan tuddan gabas, ruwan da da za ta tsare sai ya gangaro, ya kuma taho da ƙasar gona. Yashin nan shi ke cike cikin gulbi sannu a hankali, gulbin da cikinsa ya cike kuwa ba ya ɗaukar ruwan da yake ɗauka da.

Amma a ganina babu abin da ya ruɗi mutane kamar fari. Shekarun 1950 da farkon 1960 shekarun ruwa ne a duk faɗin ƙasashen bakin hamada. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya ja baya, aka yi babban fari na 1972 zuwa 1974, aka sake wani a 1983 da 1984. Shekara wajen 20 gulbi bai kai inda ya saba kaiwa ba. Yaron da aka haifa a 1965 ya girma, ya yi aure, ya nemi filin gini, bai taɓa ganin ruwa a kwarin da kakansa ke kira hanyar ruwa ba. Da wace hujja za a hana shi gini a wurin? A daidai wannan lokaci ne jama'a ke ƙaruwa, kuɗin man fetur ya kawo siminti da bulo da kwano, aka daina buƙatar ramin ƙasa, kududdufi ya zama fili mai tsada a tsakiyar gari, aka cike shi da shara aka yanka fuloti. Aka ɗaga hanyoyin mota bisa tudun ƙasa suka ratsa fadamu, in kwalbatin da aka saka ya yi ƙanƙanta ko ya toshe, sai hanyar ta zama madatsar da ba wanda ya yi niyyar ginawa.

Sa'an nan ruwan ya komo. Tun daga shekarun 1990 damina ta fara farfaɗowa, amma da wata sabuwar ɗabi'a. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya dogara ga hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Masana ruwa kuma sun daɗe da lura da wani abin mamaki a wannan yanki, watau ko a shekarun fari ruwan da ke kwarara cikin waɗansu koguna ƙaruwa ya yi, saboda ƙasar da aka tsiraita ta daina sha. Ruwa mai yawa cikin sa'o'i kaɗan, bisa ƙasar da ba ta sha, zuwa gulbin da yashi ya cike, ta cikin garin da ya cinye kududdufansa: wannan shi ne lissafin.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Anka mutum wajen 142,000, Gummi wajen 204,000, Bukkuyum wajen 211,000, kuma an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Bugu da ƙari, tun wajen 2011 ta'asar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka da yawa, mutane suka kwararo cikin manyan garuruwa. A Anka har filin ginin sabuwar fadar sarki ya zama sansanin 'yan gudun hijira. Baƙon da ya zo gari ba shi da komai ba a tudu ake ba shi wuri ba, domin tudu yana da masu shi tun kaka da kakanni. Haka kuma manomin da aka raba da gonarsa ta daji, dole ya matsa ga fadamar da ke kusa da gari, ko da a hayi take. Ashe rashin tsaro da ambaliya ba matsaloli biyu ne masu zaman kansu ba, ɗaya tana tura mutane bakin ɗaya.

Zamanin manyan madatsun ruwa

Amsar da gwamnati ta ba matsalar ruwa a shekarun 1970 ita ce madatsa. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. Tun a 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi ɗan matsakaicin aiki a Bakolori, a kuma bi a hankali, amma da kuɗi suka samu sai aka zaɓi babba. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara daga 1974 zuwa 1978, aka gama ta Goronyo kan Rima a 1984.

Bakolori ba kan Gulbin Zamfara take ba, amma maƙwabciya ce, kuma darasinta ya shafe mu kai tsaye, domin duk sa'ad da ruwa ya ci Gummi za ka ji ana cewa a gina dam. Manoman da aka karɓe wa gonaki ba tare da diyya mai gamsarwa ba sun tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, waɗansu masu bincike kuwa sun ce waɗanda aka kashe sun haura 380. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya sami mutanen da ke ƙasa da madatsar. Binciken da William Adams ya buga a 1985 ya nuna cewa da aka tsare cikar damina, cikin fadama mai faɗin hekta 19,000 an yi asarar noman shinkafa a wajen hekta 7,000 da noman rani a wajen hekta 5,000, kamun kifi ma ya faɗi. An hana ruwa zuwa, an kuma hana abinci zuwa tare da shi. Irin wannan aka gani a fadamar Haɗeja da Nguru bayan an gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992. A arewacin Kamaru kuwa, bayan madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Logone, sai da aka koma a 1994 aka fasa wata kafa da gangan domin a mayar wa makiyaya da masunta cikarsu.

Ga shi kuma madatsa ba ta ba da tabbacin tsira. Ta Bagauda a Kano ta ɓalle a 1988. Ta Gusau ta ɓalle ran 30 ga Satumba 2006, mutum wajen 40 suka rasu, gidaje wajen 500 suka rushe. A Satumba 2010 ruwan Goronyo ya mamaye ƙauyukan kwarin Rima har ya yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ta Alau kuwa ta ɓalle wa Maiduguri ran 10 ga Satumba 2024, kwana huɗu kafin hatsarin jirgin Gummi. Madatsa tana tsare ƙananan cika, mutane su saki jiki su matso, ranar da babbar ta zo sai ta same su a tsakiyar hanyarta. Ƙasar da ba ta da al'adar kashe kuɗi wajen gyara abin da ta gina, ya kamata ta yi tunani sau biyu kafin ta rataya tafki bisa kan talakawanta.

Abin da ruwa ke ɗauka

Jaridu gidaje da rayuka suke ƙidayawa, amma asarar talaka ta fi haka tsawo. Ruwan yakan zo ne a Agusta, watau lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. In rumbu ya faɗi, shinkafa ta nutse, magidanci zai sayar da akuya da rago a arha, domin kowa ma sayarwa yake yi. Daga nan sai falle, ya ci amfanin gonar da bai girbe ba, sai jinginar da gona, sai ci rani. Ruwa ya haɗa masai da rijiya, amai da gudawa su biyo baya, sauro ya yi yawa. A kwashe waɗanda suka rasa muhalli a zuba a makarantar firamare, karatun yara ya tsaya. Mai ginin bulo ruwa zai shiga ɗakinsa ya fita, mai ginin ƙasa kuwa katangarsa ce za ta jiƙe daga gindi ta zauna. Ruwa ɗaya ne, asara kuwa kowa da gwargwadon talaucinsa.

Anka da Bukkuyum suna da wani ƙarin haɗari da babu irinsa a yawancin wurare. A 2010 ne ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano cewa gubar dalma ke kashe yara a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu. Aikin kankare gurɓatacciyar ƙasa da aka fara a shekarar, damina ta katse shi, na Bagega kuwa sai 2013 aka yi. Ayarin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya auna ruwan ƙauyukan a ƙarshen daminar 2010 ya sami dalma mai yawa a kududdufan da dabbobi ke sha. Dalma ba ta ruɓewa. Duk inda aka tara dusar dutse a fili, ko aka wanke shi a bakin ƙorama, ruwan damina zai ɗauka ya kai gaba, gaba kuwa ita ce fadama. Saboda haka zancen ambaliya a wannan kwari ba ya rabuwa da zancen inda ake niƙa da inda ake wanki.

Agaji da rigakafi

Ba a rasa hukumomi ba. An kafa Asusun Kula da Muhalli na tarayya a 1981, Jihar Zamfara ta samu a 1996, Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, a 1999, sa'an nan hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA a 2010. Bayan ambaliyar 2012, wadda ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu a faɗin Nijeriya, aka fara fitar da hasashen ambaliya na kowace shekara, ana jera ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Duk da haka ta 2022 ta kashe fiye da 600. A Gummi a 2024 gwamnatin jiha ta ba da gudummawar Naira miliyan 100 da kayan abinci. Abin godiya ne, amma in aka raba wannan kuɗi ga magidanta 10,000, kowa Naira 10,000 zai samu. Hasashen da aka karanta a Abuja a farkon shekara cewa ƙaramar hukuma kaza tana cikin haɗari kuwa bai gaya wa mai unguwa daren da zai tashi mutanensa ba.

A nan ne ƙasar Bangaladash ke da abin koya mana, domin ita ma matalauciya ce, ruwanta kuwa ya ninka namu nesa ba kusa ba. Abin sha'awa, su ma harshensu ya rarrabe barsha, cikar da ake so, da bonna, wadda ke ɓarna. Bayan ambaliyar 1987 da ta 1988 manyan ƙasashe da Bankin Duniya suka kawo shirin killace koguna da dogayen ganuwoyi, masana da manoman ƙasar suka yi ta suka, har aka rage burin. A 1998 ruwa ya rufe wajen kashi biyu cikin uku na ƙasar. Abin da ya rage musu mutuwa a hankali shi ne cibiyar awon koguna da gargaɗi da suka kafa tun 1972, da ɗaga daɓen gida da bakin rijiya sama da inda ruwa ke kaiwa, da gina makarantu a yadda za su zama mafaka, da mutanen ƙauye da aka ɗora wa alhakin kai labari gida gida.

Kwarin Zamfara ya dace da irin wannan, domin ruwan da ya wuce Anka sai ya ɗauki lokaci kafin ya isa Gummi, kuma yau kusan kowane ƙauye akwai mai wayar hannu. Sandar awo a gindin gada, da mutum guda mai albashi da zai duba ta safe da yamma ya buga waya ƙasa, ba su kai kuɗin motar ofis ɗaya ba. Wanda ya fi cancanta da wannan aiki kuwa yana nan, shi ne gidan sarkin ruwa. Zancen filaye ya fi wuya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara a hannun ƙaramar hukuma, amma dattawan da suka san inda ruwa ya tsaya a shekarun 1950 a fadar uban ƙasa suke, kuma suna ƙarewa. Lalle aikinmu ne mu malaman tarihi da labarin ƙasa a kwalejoji mu tura ɗalibai su zauna da su, su rubuta, a sa alama a bango da bishiya. Tashin mutane daga kwari kuwa ba ya yiwuwa da sanarwa kawai, sai an ba su wani wuri a tudu wanda ba ya nesa da gonakinsu, wanda kuma 'yan bindiga ba za su same su a ciki ba. In ba haka ba, da rani ya yi za su koma.

Saura zancen fito. Bayan hatsarin 14 ga Satumba, jami'in da ya shugabanci aikin ceto ya shaida wa manema labarai cewa manoma fiye da 900 ke ƙetare gulbin kullum zuwa gonakinsu, jirage biyu kacal ke ɗaukarsu. In jirgi yana ɗaukar mutum 20 cikin aminci, sawu fiye da 20 kowane jirgi zai yi da safe, ya sake yin wasu da yamma, alhali kowa so yake ya kama aiki kafin rana ta yi zafi, ya kuma komo gida kafin duhu saboda tsoron abin da ke daji. Wanda aka bari a gaɓa ya yi asarar yini a tsakiyar aikin damina, shi ya sa mutum 70 ke cusa kansu cikin jirgi guda. Ƙarin jirage huɗu ko biyar masu inji, da rigunan ruwa, da wakilin sarkin ruwa a kowane mashigi mai ikon cewa jirgi ya cika, abubuwa ne da ƙaramar hukuma za ta iya ɗauka daga kasonta na wata guda, tun kafin a kai ga zancen gada.